Hatimin Baba a Jakar Shiraishi

Jama'a, ku bar ni in cire takalmin nan tukuna, don ƙafata ta yi bororo har biyu, kaina kuma ya fi ƙafar ciwo. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa "Satomi kin cika jan rai." Ba jan rai ba ne. Ni kaina ban gane abin da ya same ni yau Lahadi ba, sai yanzu da nake rubutawa nake ɗan kamo bakin zaren.

Ga waɗanda yau suka shigo, ni ce Satomi, 'yar gidan Eguchi masu awara a garin Kurume, ƙasar Japan. Shekarata ashirin da tara, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Shagonmu ya shekara saba'in yana tashin unguwa da ƙamshin waken suya. Bara Baba ya fara ciwon baya, likita ya ce ya daina ɗaga nauyi. Tukunyar awara kuwa a gidanmu ta namiji ce, haka Mama ta tarar, haka take so ta bari. Shi ya sa aka nemo min mijin da zai shigo gidanmu, ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki namu, ya gaji tukunya, kamar yadda Baba ya yi lokacin da ya auri Mama. Kada ku fara zagin Mama, ba wanda ya matsa min, ni na ce a nemo. Sai dai tun da aka nemo ɗin nake yawo da tambaya ɗaya: mutumin nan ni yake so, ko shago?

Inna Fumie, yayar Mama, ita ce mai haɗawa, kuma dokarta ba ta lanƙwasuwa. Haɗuwa uku ce, a ta ukun a ba ta amsa, eh ko a'a. Ta yau ita ce ta uku. Tun shida na safe saƙonta ya shigo:

"Huɗu da rabi ina jiran amsarki. Ƙarfe biyar zan kira uwar yaron. Kada ki sa ni jin kunya."

Na sauko na tarar Mama ta goge min doguwar rigar nan shuɗiya mai ƙananan furanni, da farar rigar sanyi, da takalmin da muka saya don bikin 'yar maƙwabta, wanda tun a ranar nake gaba da shi.

"Mama, bakin teku za mu fa. Iska."

"Iska ba ta taɓa hana kowa aure ba. Juyo in gani. Ɗaure gashin nan, kin fito kamar mai zuwa zubar da shara."

"Ai dai ya riga ya gan ni sau biyu."

"Sau biyu ya ga kwalliya, yau ma kwalliya zai gani. Kuma ki rage ci a gabansa."

Baba yana can ciki, hannuwansa cikin ruwan sanyi yana yanka awara. Na leƙa na ce masa na tafi.

"Ina ya ce zai kai ki?"

"Mojiko."

Hannunsa ya tsaya cikin ruwan. Na san a tsallaken mashigin tekun Mojiko aka haife shi, a Shimonoseki, na kuma san ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi, amma iyakar sanina ke nan. Tun ina yarinya Baba bai taɓa kai mu bakin teku ba, kullum sai ya ce shago. Sai ya ce, "Ki riƙe rigar sanyinki," ya ci gaba da yanka.

Shiraishi Kohei, mutumin da aka nemo min, ya riga ni isa. Kafinta ne, mai gyaran tsofaffin gine-gine, ɗa na biyu a gidansu, shekara talatin da uku. Yana tsaye a gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa cikin kwat mai ruwan toka da ta matse masa kafaɗa, ya rataya wata baƙar jaka a ƙirji. Ya sunkuya, na sunkuya, ya sake sunkuyawa.

"Eguchi-san, kin sha hanya."

Haɗuwa ta uku, har yanzu da sunan gidanmu yake kirana, Eguchi-san. Sunan da ke rubuce a allon shago ke nan fa. Ku riƙe wannan.

Na ɗauka zai ce rigata ta yi kyau, don Mama ta sha wahala a kanta. Sai ya ɗaga kai yana kallon rufin tashar, ya ce, "Kin ga yadda suka haɗa katakon can? Ba wasa." Na kalla. Katako ne. Na ce, "Lallai kam."

Muka bi bakin ruwa cikin 'yan yawon buɗe ido irinmu, iska tana neman raba ni da rigata, hannuna ɗaya a kan cinya, ɗaya a kan gashi. Shi kuwa duk ginin jan bulo da muka wuce sai ya shafa bangonsa. Ya shafa ƙofa, ya shafa taga, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi ya kara kunne. Na rantse muku, mutumin nan ya taɓa bango ya fi goma, hannuna kuwa ko da kuskure bai goga ba. Kuma kowane taku ashirin sai ya dafa jakar nan ta ƙirjinsa, ya tabbatar tana nan.

Da ya tsaya karanta wani allo, na zaro waya na rubuta wa ƙawata Kanae:

"Akwai abu a jakarsa. Sai taɓawa yake."

"ZOBE!!!"

"A haɗuwa ta uku? Ko sunana bai iya kira ba."

"Masu shiru-shirun nan su ne 'yan bazata. Gyara jan bakinki."

Na gyara. Kada ku yi min dariya.

A dandalin gaba muka tarar an yi da'ira, wani dattijo da ɗaurin kai yana gwanjon ayaba, yana dukan tebur da sanda yana waƙa. Ni na ja shi muka tsaya, don na gaji da bango. Dattijon ya hango mu.

"Kai, mai kwat! Amarya ka fito da ita hannu rabbana? Dubi yadda iska ke neman ɗauke ta, yunwa ce!"

Mutane suka kwashe da dariya. Shiraishi ya yi ja har kunne, ya ɗaga hannu yana so ya ce ba amarya ba ce.

"Ya ɗaga hannu! An sayar wa ango!"

Haka aka ɗora masa nonon ayaba guda, ya fi ashirin. Ya biya, ya sunkuya ya yi godiya, ya rungume ta kamar jariri. Na yi dariya har hawaye ya ɓata min kwalli, shi ma ya yi, karo na farko da na ga haƙoransa. A raina na ce, to, wannan mutumin zan iya zama da shi. Minti biyar na yi da wannan tunanin, ba ƙari.

Muka shiga cin abinci a wani bene mai kallon ruwa, aka kawo shinkafa da miyar kori da aka gasa da cuku da ƙwai, tana ta tafasa a kasko. Ayaba ta samu kujerarta. Na manta da gargaɗin Mama na kai cokali na uku, sai ya gyara zama.

"Eguchi-san, babanki ƙarfe nawa yake tashi?"

"Biyu."

"Kullum?"

"Ban da Laraba."

"Waken fa, awa nawa yake jiƙa?"

"Ya danganta da sanyi."

"Akwatunan matse awarar, na katako ne? Wane ice?"

Na ajiye cokali. Jama'a, ku gaya min, wannan zance ne ko ƙidayar kayan gado? Ya tambayi nauyin tukunya. Ya tambayi ko Baba yana samun hutu ya je wani wuri. Ya tambayi shekara nawa mutum ke yi kafin hannunsa ya faɗa. Ni da ke zaune a gabansa da jan baki sabo, bai tambaye ni ko da kalar da nake so ba. Abincin ya fita raina, kuma abin haushin, daɗi gare shi.

Na shiga banɗaki na rubuta wa Kanae: "Shago yake so. Na gama. A'a ce."

"Zoben fa?"

"Ya saka wa tukunya."

Kafin in fito, saƙon Mama ya shigo. Hoto ne: sabon farin gyauton aiki irin wanda Baba ke ɗaurawa a gaba, an ɗinka Eguchi a ƙirji da shuɗin zare, a ƙasa kuma ƙanana, Kohei. Ta rubuta, "Na ce a yi babba, yana da kafaɗa." Na tsaya ina kallon hoton a gaban madubi har wata mata ta ce in ɗan matsa ta wanke hannu.

Na fito da a'a ɗina a shirye. Sai ya sake birkita ni. Ya ce akwai wurin da yake so in gani, ya kai ni wani tsohon gidan katako da aka mayar wurin kallo, muka cire takalmi, na gode wa Allah a ɓoye. A kan matakala ya tsaya, ya sauke ayaba a ƙasa.

"Ɗora hannunki a nan."

Na ɗora a kan madogarar matakalar. Santsi, sanyi.

"Ja shi ƙasa a hankali. Kin ji inda tsohon ice ya ƙare, sabo ya fara?"

Na ja, na sake ja. "Ban ji komai ba."

Fuskarsa ta washe gaba ɗaya. "Ni na haɗa shi. Ina shekara ashirin da uku. Wata biyu na yi a kan wannan kaɗai, maigidana ya sa na sake sau huɗu. Ban taɓa nuna wa kowa ba."

Ya ɗora hannunsa kusa da nawa, ɗan yatsansa ya taɓa nawa, bai janye ba. To wai me mutumin nan yake nufi da ni? Wanda ya kawo mace ta taɓa aikin hannunsa ba tukunya yake zawarci ba. Amma wanda yake son mace ba ya ɓata abincin rana kan jiƙon wake. Eh ɗina da a'a ɗina suka kama kokawa, agogo kuma ya ce uku da rabi.

Muka tsaya na sayi tsaraba, akwatin alawa ɗaya na gida, ɗaya na Inna Fumie, ɗaya na matar da ke taya mu tsaron shago. Daga nan ya ce mu je gada. Kun san gadar, wadda ake ɗagawa jirage su wuce, wadda ake cewa masoyan da suka fara tsallakawa bayan an sauke ta ba sa rabuwa. Ƙarfe huɗu daidai aka rufe hanya, gadar ta fara rabewa biyu tana tashi. Masoya sun yi layi kowa da wayarsa. Mu ma muka tsaya, ni da tsaraba, shi da ayaba.

"Riƙe min wannan," in ji shi.

Na karɓi ayaba. Ya buɗe jakar. Ya fito da wani ɗan siririn akwati baƙi, tsawon yatsa, gefensa duk ya goge.

Ba zobe ba ne. Na san akwatin nan tun kafin in iya karatu. Hatimin Baba ne, wanda yake bugawa a kan kowace takardar shago, wanda kakana ya danƙa masa da hannunsa ranar da ya zama Eguchi. A aljihun teburin ƙarƙashin matakala yake kwana, kuma ko ni ba a bari in taɓa.

"Me ya kai wannan jakarka?"

"Mamanki ta aiko Fumie-san da shi. Washegarin haɗuwarmu ta biyu."

"Kafin in ba da amsa?"

"Ta ce in fara sabawa da nauyinsa."

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Wato sati biyu ke nan ina juyi a shimfiɗa ina auna eh da a'a, ashe an riga an ba da ni har da hatimi. Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ba laifinsa ba, sai ya miƙo akwatin da hannu biyu, ya sunkuya har ina ganin tsakiyar kansa.

"Ba zan iya karɓa ba. Ki gafarce ni."

Ayaba ta kusa suɓuce min. "Wato a'a ka ce."

"A'a! Wato, ba a'a ba. A'a ga shago."

"Shiraishi-san, kaina ya yi zafi tun safe. Yi min magana ɗaya."

Ya ɗago. Gumi a goshinsa, cikin wannan iskar.

"Mahaifiyata ce ta cika takardar neman auren, ita ta rubuta zan iya shiga gidan mata. Na je in ce a gyara, sai aka nuna min hotonki, wanda kike miƙa wa wata tsohuwa awara kina dariya. Na san in na ce ban son shago ba za a haɗa mu ba. Sai na yi shiru. Na yi rashin gaskiya, na sani. Sati biyun nan kullum ina tashi ƙarfe biyu in gwada, na sayi wake na jiƙa a ɗakina, na ƙona tukunya biyu. Ɗazu na yi ta tambayarki ko zan ji wani abu da zai sa in ce zan iya. Zan iya tashin. Ajiye aikina ne ba zan iya ba. In na ajiye, nan da shekara goma za ki ga mutum a gidanki yana yanka awara, amma ba ni ba ne."

Na gyara rungumar ayaba, ya ci gaba.

"Ke nake so, Satomi-san. Ban da tukunya. In hakan bai isa ba, na fahimta."

Satomi-san. Sai yau, sai yanzu, ina rungume da ayaba.

Ku taya ni, jama'a. Wata biyu ina fargabar shago yake so ba ni ba. Ga shi ya ce ni yake so ba shago ba, amsar da nake mafarki, kuma ita ce amsar da za ta rufe ƙofar da kakana ya buɗe. In na ce eh, ciwon bayan Baba ba zai warke don na yi aure ba, gyauton Mama kuma ba mai sawa. In na ce a'a, Inna za ta kawo wani mai kafaɗa wanda zai karɓi hatimi da murna, ni kuma in ƙare rayuwata ina tuna madogarar matakala. Na ji daɗi, na ji tsoro, na ji kamar in kwaɗa masa ayabar a ka. Na karɓi akwatin dai, don ba a barin mutum a sunkuye a gaban jama'a.

Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka Inna ce ta kasa haƙuri. Da na duba sai na ga Baba.

Baba bai taɓa kirana a waya ba, ko sau ɗaya. Kuma ƙarfe huɗu lokacin barcinsa ne, ko gobara ake ba a tashinsa. Na danƙa wa Shiraishi ayabarsa na ɗauka da sauri.

"Baba? Lafiya? Ciwon bayan ne?"

"Kuna ina?" Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Gaban gada. An ɗaga ta."

"Ana ganin tsallake?"

"Ana gani."

"Akwai jirgi?"

"Ga wani babba can yana wucewa, ga ƙaramin fasinja ya taso."

"Ɗaga wayar in ji."

Na ɗaga wayar sama kamar wata taɓaɓɓiya, mutane suna kallona. Iska, ruwa yana dukan bango, sai ƙaramin jirgin ya yi ƙaho sau ɗaya. Na mayar kunne. Sai na ji ya ja hanci.

"Na buɗe aljihun tebur ɗazu," in ji shi. "Babu hatimi. Uwarki ta ce yana inda ya dace. Yana hannun wa?"

"Yana hannuna, Baba. Ya dawo da shi."

Na runtse ido ina jiran faɗa.

"Da bakinsa ya ce ba zai iya ba?"

"Eh."

"Yaron yana da ƙarfin hali." Ya yi tari. "Ni ranar da kakanki ya miƙo min, na so in faɗi haka. Na kalli uwarki, na kasa. Ban yi da-na-sanin uwarki ba, ki ji da kyau, ban yi da-na-saninki ba. Amma shekara talatin da huɗu ban yarda na je inda zan ji ƙahon nan ba, don ban san ko zan dawo gida ba."

Hawaye ya gama da sauran kwallin. "Baba, to shagon fa?"

"Shagon nawa ne, ni na saye shi da sunana da na ajiye. Ba ke za ki biya sauran ba. Ki dawo min da hatimina, ki sa a aljihun tebur. Kuma ki sayo min busasshen kifi na can, ba alawa ba, kullum alawa kuke kawowa."

Daga nesa na jiyo takun silifas ɗin Mama a matakala, da muryarta: "Kai da wa kake magana? Ba barci kake ba?"

Ƙit, ya katse.

Gadar ta gama sauka, aka buɗe hanya, masoya suka ruga kowa yana so ya zama na farko. Mu ba mu motsa ba. Wasu biyu masu riga iri ɗaya suka riga kowa, suna ihu. Shiraishi yana tsaye da ayabarsa, bai tambaye ni me Baba ya ce ba, ya dai ciro hankici ya miƙo min, da ƙurar katako a jikinsa.

Kada ku ɗauka kaina ya warware. Ban san me zan ce wa Mama ba, matar da ta riga ta ɗinka suna a gyauto. Ban san ko Baba da gaske yake ba, ko tausayina ne ya sa shi. Ban ma san wa zai ɗaga tukunya ranar Litinin ba. Abu ɗaya na sani, na jefa hatimin cikin jakar tsaraba, na ja zif, kuma ƙirjina ya yi sauƙi.

"A ina ake sayar da busasshen kifi?" na tambaye shi.

"Ina jin sai an tsallaka gada."

"To mu je. Kawo rabin ayabar nan, ka ishe ni da ita."

Muna tsakiyar gadar wayar ta sake ɗaukar ƙara. Huɗu da minti ashirin da takwas. Inna Fumie ko minti biyun ba ta iya jira ba.

"To, 'yar nan? Ina riƙe da lambar uwar yaron. Eh ko a'a?"

Na kalli Kohei, ya kalli ruwa, kunnuwansa jajir.

"Eh ce, Inna," na ce. "Amma kafin ki kira kowa, nemi kujera ki zauna."